Ina Man Yake Tafiya? Kundin Gyaran Corollata

Asabar, 2 ga Nuwamba, 2024

Daga yau zan riƙa rubuta duk abin da aka taɓa a motar nan, don na gaji da kashe kuɗi ba tare da na san wane gyara ne ya yi amfani ba. Corolla ce ƙirar 2005, 'yar Amurka, inji 1ZZ-FE mai lita 1.8, giya otomatik. Da ita nake zuwa aiki Wudil daga Kano, zuwa da dawowa wajen kilomita 80. Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023 nake ji a jikina, amma yanzu da lita ta haura naira dubu, albashi a gidan mai yake ƙarewa.

Ban yarda da allurar dashbod ba. Na cika tanki har famfo ya katse da kansa, na mayar da ƙaramin lissafin tafiya sifili, na yi zirga-zirgata, na koma famfon nan dai na sake cikawa. Mil 205, lita 41.8. Motar da mil take lissafi, sai an ninka da 1.609. Ya kama kilomita 330, wato 7.9 a kowace lita. Corolla fa, ba jif ba.

Bakanikena ya ce, “Malam, kawo ta in rage mata mai.” Na ce, “Oga, a ina za ka rage?” Sai ya yi dariya ya canja zance. Ni ma da tunanina ke nan. Na taso ina kallon Baffa da Peugeot 504 ɗinsa, irin waɗanda ake haɗawa a Kaduna. In ta fara shan mai sai ya ɗaga bonet, ya karkata kunne, ya juya ɗan sukurun kafireto har silo ya kwanta. Mota mai injekta ba ta da wannan sukurun. Kwamfutarta, wadda kanikawa ke ce wa birenbos, ita ke yanke yawan man da za a fesa, kuma da abin da sensoshi suka gaya mata take aiki.

Na sayi ɗan sikana ELM327 mai haɗuwa da waya, na'urar da ke karanto abin da kwamfutar mota ke gani, ₦14,000.

Lahadi, 3 ga Nuwamba

Kafin in jona sikanan na lura da abin da shekara biyu ban lura da shi ba. In ka murɗa makulli ba ka tayar ba, ya kamata fitilun dashbod su kama, har da ta cek injin, wadda ke nuna inji na da matsala. Tawa ba ta kamawa. Na kwance gilashin, sai ga baƙin seletef an manna mata daga ciki. Wanda ya sayar mini ya ce motar ba ta taɓa nuna cek ba. To, bai yi ƙarya ba.

Soket ɗin da ake jona sikanan yana ƙarƙashin sitiyari ta hagu, mai ƙofa 16. Duk motar da aka sayar a Amurka tun 1996 tana da shi. Lambobi uku suka fito: P0171, wato iska ta rinjayi mai, P0128, inji ba ya kai zafin da ya kamata, sai P0420, indomi, wato matatar hayaƙin da ke jikin salansa, ba ya aiki. Na ukun bai ba ni mamaki ba, don na san an ƙwaƙule shi tun kafin motar ta zo hannuna.

Ga yadda na fahimci lissafin. Fetur yana ƙonewa tsaf ne in an haɗa shi da iska ninkinsa 14.7, in an auna da nauyi. Sensar iska da ke bayan filta tana auna abin da ya shiga, kwamfuta ta fesa man da ya dace da shi, sannan sensar oksijin da ke wuyan salansa ta shinshina hayaƙi ta kawo rahoto. In ta ji ragowar oksijin da yawa, kwamfuta ta ƙara mai, in ba ta ji ba ta rage. Gyaran nan take shi ne STFT a fuskar waya. Wanda kwamfuta ta haddace saboda kullum sai ta yi shi, shi ne LTFT. A lafiyayyar mota dukansu kusa da sifili suke yawo, kashi biyar cikin ɗari sama ko ƙasa, in ya yi yawa goma.

Tawa a silo LTFT +27. In inji na juyi 2,500 a minti kuwa +16. Zafin ruwa, bayan na zaga har Hotoro na dawo, digiri 62 ya tsaya.

Abin da ya ɗaure mini kai: na zare fulogi biyu, baƙi ƙirin da kunkunniya, busassu. Kwamfuta tana kukan mai ya yi kaɗan, fulogi suna cewa mai ya yi yawa. Ɗayansu ƙarya ake gaya masa.

Laraba, 6 ga Nuwamba

Na samo tamostat, ɗan bawul ɗin da ke hana ruwa zuwa lagireto sai inji ya yi zafi, mai buɗewa a digiri 82, ₦18,000. Ruwan lagireto ₦9,000.

Asabar, 9 ga Nuwamba

Yau an sha gardama a gareji. Da muka buɗe mazaunin tamostat, wayam. Fanka kuma an haɗa ta dairek, da an murɗa makulli take tashi. Oga ya riƙe sabon a hannu kamar wanda aka ba mataccen ɓera. “Malam, wannan na ƙasar ƙanƙara ne. Kano muke. Ka sa shi ka ƙona gasket, kada ka ce ban faɗa maka ba.” Yaran gareji duk suka goya masa baya.

Na san inda maganarsa ta samo asali. Ya ga motoci da yawa da tamostat ya maƙale a rufe suka tafasa, cirewa kuma ta raba gardama. Amma injin an ƙera shi ne ya yi aiki a tsakanin tamanin da wani abu zuwa casa'in da wani abu, ko a Kano ko a Kanada. Muddin ruwa na wajen 60, a ganin kwamfuta inji bai gama ɗumi ba, shi kuwa inji mai sanyi mai yake ci. Kamar Baffa ne ya ja cok, abin ƙara wa inji mai da safe, ya manta bai mayar ba har Zariya.

Aka sa. Mai wayarin ya mayar da fanka kan rilenta, yadda sai inji ya yi zafi za ta tashi, ₦5,000.

Sai ga abin kunya. A cunkoson hanyar komawa gida ina kallon waya: 92, 97, 101, 104. Gabana ya faɗi, na gangara gefe na kashe. Fanka tana juyawa, amma tiyon ƙasa da ɗan sanyinsa, alamar ruwa ba ya zagayawa. Iska ce ta maƙale ciki, don yaron da ya zuba ruwan cikawa kawai ya yi ya rufe. Na jira kusan awa ɗaya a bakin titi har ta huce, na buɗe murfi, na tayar, na kunna hita, ina matsa tiyo tana aman kumfa. Ta ƙara shan fiye da lita ɗaya. A nan na ga robar murfin lagireton ma ta tsage. Sabo ₦4,500.

Ban gaya wa Oga ba tukuna. Zai ce ai ya faɗa.

Talata, 12 ga Nuwamba

A hanyar Wudil zafi na tsayawa 84 zuwa 88. A cunkoso ya kai 95, fanka ta tashi, ya sauko, ta tsaya. Shekara biyu ban taɓa jin motar nan shiru haka ba.

Asabar, 16 ga Nuwamba

Awo na biyu: mil 211, lita 39. Kilomita 8.7 a lita. An motsa, amma da sauran tafiya.

Hazo ya fara sauka, sai na duba filtar iska. Ta yage ta gefe, ƙura na wucewa abinta. Na kwance sensar iska, sukuru biyu ne kawai, na haska ciki da fitilar waya. 'Yan wayoyin nan biyu masu sirin gashi sun yi jajir da ƙasa. Ana ɗumama ɗaya ne, iskar da ke wucewa tana sanyaya ta, da haka ake gane yawan iskar. In ƙura ta lulluɓe ta sai ta ce iska kaɗan ce ta shiga alhali da yawa ce.

Wani yaro ya kawo fetur a murfin jarka da buroshi zai wanke mini. Na karɓe abina. Na sayi feshin da aka yi dominta, ₦8,000, na fesa daga nesa ban taɓa komai ba, na bar ta ta bushe. Filta ₦7,000.

Bayan kwana guda na tuƙi, a juyi 2,500 LTFT ya sauko +9. A silo kuwa yana nan +24, ya ƙi gusawa.

Asabar, 23 ga Nuwamba

Wannan makon na yi gyaran gangar Auzinawa, kuma da hannuna.

Na karanta cewa lafiyayyar sensar oksijin wutarta lilo take yi tsakanin bolt 0.1 da 0.9, sama da ƙasa, ba ta tsayawa. Na duba tawa ta gaba, na gan ta zaune a 3.3, da ƙyar take motsi. Nan take na yanke mata hukuncin mutuwa. Ranar Litinin na shiga wani shago, mai shi ya miƙo mini wata mai waya huɗu, ya ce duk Toyota tana hawa, a yanke soket ɗin tsohuwar a jona kawai. ₦28,000. Zarenta ya hau daram. Na yanke, na jona.

Ko Mariri ban kai ba sabuwar lamba ta fito a sikana. P0031, matsalar hitar sensa. Mota ta yi nauyi, warin ɗanyen mai har cikin gida, bayan salansa baƙi. Taurin kai ya sa na yi kwana biyu a haka ina cewa kwamfuta ce ba ta saba da ita ba. Mil 100, lita 25. Kilomita 6.4.

Da na zauna na yi karatun da ya kamata in yi tun farko, ga abin da na gano. Sensa iri biyu ce. Mai lilon nan ita ce tsohuwar ƙira, irin wadda Bosch ya fito da ita, Volvo ta fara sa wa motocinta a 1976. Abu biyu kawai ta iya faɗa: mai ya yi yawa, ko ya yi kaɗan. Corolla ta 2003 da 2004 ita ce a gabansu. Daga 2005 Toyota ta sa wata dabam a gaba, mai faɗin ainihin gwargwadon cakuɗin. Ita wannan in komai daidai ne 3.3 take nunawa, ta haura in iska ta yi yawa, ta sauka in mai ya yi yawa. Wato abin da na ɗauka mutuwa, aikinta take yi. Ita ma tsohuwar ƙirar tana jikin motata, amma a baya, bayan mazaunin indomi.

A ido kamar tagwaye suke. Mitar awon lantarki ce ke raba su. Wayoyi biyu masu launi ɗaya su ne na hita. Na auna tawa ta asali, om 2 da ɗoriya. Wadda na sayo, 13. Ta gaban tana bukatar zafi sama da digiri 600 kafin ta yi aiki, kusan ninki biyun na ɗayar, shi ya sa hitarta ke jan wuta sosai. Kwamfuta ta ga hita ba ta jan abin da ta sani, ta daina sauraron sensar gaba ɗaya, ta koma fesa mai da ƙiyasi.

Mai shago ya ce ba a karɓar kayan da aka yanke wa waya. Ban ja da shi ba, ni na yanke.

Allah ya taimake ni ban jefar da tsohuwar ba. Wayoyinta ba sa kama dalma, sai da mai wayarin ya matse su da 'yan bututun ƙarfe ya rufe da roba. Bai karɓi ko sisi ba, ya ce dariyar da ya yi ta ishe shi.

Laraba, 27 ga Nuwamba

An koma gidan jiya: silo +24, a guje +9. Wani abu dai na lura da shi. Da asuba in sanyi ya yi yawa STFT har +18 yake ɗorawa a kan wancan, inji na ɗaukar zafi sai ya ragu.

Asabar, 30 ga Nuwamba

Lambobin nan tun ranar 16 suke gaya mini inda matsalar take, gaggawa ce ta hana ni ji. In gyaran ya yi yawa a silo ya ragu da an taka totur, iska ce ke satar hanya ta bayan sensa. A silo inji iska kaɗan yake sha, wajen giram biyu a daƙiƙa, don haka 'yar ɓaraka ma babba ce. In an taka, ta ɓace cikin yawa. Da famfon mai ne ya gaza, da akasin haka za a gani.

Na'urar hayaƙin da ake neman ɓaraka da ita ba ni da kuɗinta. Na samu gwangwanin madara babba, na huda murfin biyu, na sa tiyo biyu. Ɗaya ya tafi famfon keke, ɗaya ya shiga bututun da ke zuwa tukunyar burki. Na cire sensar iska na ajiye a ɗaki, na ɗaure bakin totur da leda. Inji a kashe, ya kwana bai tashi ba, gwangwani kuma a ƙasa nesa da mota. Garwashi biyu na saka, sannan na shiga na roƙi uwargida turaren wuta. Ta dube ni ta ce, “Malam, motar ce za a kai ɗakin miji?” Ta dai ba ni, amma ba mai tsadar ba.

Ɗana yana buga famfo, ni ina kwance da fitila. Minti ɗaya ba komai. Can sai ga wani siririn hayaƙi yana tasowa daga ƙasan manifol, wato bututun robar da ke raba wa silindoji iska, daidai inda robar ta haɗu da kan inji, wajen silinda ta ɗaya, yana lanƙwasa cikin hasken fitila. Ɗan kaɗan ne, kamar na sandar turare da ta kusa mutuwa. Sai wani ya biyo ta wajen ta biyu.

Ashe sananniyar cuta ce a wannan injin. Gasket ɗin asali baƙar roba ce, tana taurarewa ta shafe, in sanyi ya kama ta ta ƙanƙance. Toyota ta canja ta da wata mai ruwan lemo. Na yi oda daga Legas, ₦15,000, kuɗin mota ₦3,000.

Har yanzu in na kunna fanka ƙamshi take busowa.

Asabar, 7 ga Disamba

Ni da Oga muka canja gasket ɗin. Tsohuwar ta fito a shafe kamar an goge ta da dutsen guga, na lanƙwasa ta ta karye. Na aro sifana mai awo, muka ɗaure a 30 Nm daga tsakiya zuwa gefe, don manifol ɗin roba ne, ba ya son ƙarfin tuwo. Oga bai caje ni ba. Na ba shi labarin ranar da ta kai 104, ya ce ai ya faɗa.

Na cire kan batir don kwamfuta ta manta tsohuwar haddarta. Silo ya yi ta hawa da sauka na kwana guda, don totur ɗin 2005 na lantarki ne, ba shi da waya, sai ya sake koyon mazauninsa.

Asabar, 14 ga Disamba

Mil 240, lita 40.2. Kilomita 9.6. P0171 bai dawo ba. LTFT +11 a silo, +7 a guje.

Raina bai so ba, na sa ran fiye da haka. Da na yi tunani kuma, bai kamata in sa ran ba. Iskar da ke shiga ta ɓarakar manifol iska ce ta gaske, cikin silinda take zuwa, man da kwamfuta ta ƙara dominta ƙonewa yake yi. Ba ita ce za ta baƙanta fulogi ba. Tambayar ranar 3 ga Nuwamba tana nan ba a amsa ba.

Litinin, 16 ga Disamba

Da asuba na tayar na tsaya a gaba maimakon in shiga. Akwai wani “tas-tas-tas” ta bayan inji, minti biyu ya ɓace. Na daɗe ina jin sa, na ɗauka ƙarar injekta ce.

Asabar, 21 ga Disamba

Muka cire farantin da ke rufe manifol ɗin salansa. Noti ɗaya babu shi, ƙusar ta karye a ciki, ga zanen kunkunniya ya fito ta gefen gasket kamar wutsiya. Kuma wurin yana gaban sensa, tazarar bai fi taki ɗaya ba.

Da na ɗauka rami a salansa hayaƙi kawai yake fitarwa. Ashe hayaƙin bugu-bugu yake fita, tsakanin bugu da bugu kuma ramin zuƙo iskar waje yake yi. Iskar nan ba ta taɓa shiga silinda ba, amma a kan hancin sensa take wucewa. Sensa ta ce oksijin ya yi yawa, kuma gaskiyarta, abin da ta shinshina ke nan. Kwamfuta ta ƙara mai ga injin da ba ya bukata. Ga baƙin fulogi, ga kukan ƙarancin mai, duk a lokaci guda.

Fitar da karyayyar ƙusar ya ci yini. Mai walda ya ɗora mata noti ya narka, ta sake karyewa. A karo na uku ta biyo, bayan an jiƙa ta da mai an bar ta ta huce. Aiki ₦10,000, gasket ₦6,000. Na sa sababbin fulogi Denso SK16R11 guda huɗu, ₦24,000. Na sake cire kan batir.

Asabar, 28 ga Disamba

Mil 290, lita 39.5. Kilomita 11.8. LTFT +3 a silo, +2 a guje. Sai da na sake lissafin sau biyu.

Asabar, 4 ga Janairu, 2025

Mil 301, lita 40. Kilomita 12.1, kodayake makon hutu ne, hanya ba cunkoso, don haka ba zan riƙe wannan a matsayin na kullum ba. Na zare fulogi ɗaya, ruwan ƙasa-ƙasa mai haske.

Jimillar abin da na kashe ₦151,500, ciki har da ₦28,000 na sensar da ke cikin durowa. A wata ina yin wajen kilomita 1,760. A lissafin farko lita 223 ke nan, a na yanzu 145 zuwa 150. In abin ya ɗore, wata biyu sun mayar mini da kuɗina.

Cek tana nan a kunne saboda P0420, kuma ba za ta mutu ba sai an mayar da indomi. An ba ni shawarar wani ɗan ƙarfe da ake ɗaura wa sensar baya ya janye ta daga hayaƙi don fitila ta mutu. Ban ga bambancinsa da seletef ɗin da na ɓamɓare ba, ga shi Toyota tana amfani da sensar bayan wajen ɗan daidaita mai. Zan tara kuɗin indomi na Beljiyam, in an samu wanda ba a ƙwaƙule ba. Kafin nan duk Asabar zan jona sikana, don kada wata lambar ta ɓuya a bayan wannan.

Sauran aiki: auna ƙarfin famfon mai, wanda ya kamata ya ba da 44 zuwa 50 psi, har yanzu ban samu mai agogon ba. Filtar iska kuma duk mako biyu har hazo ya wuce. Gwajin tamostat na gaske sai Afrilu, in zafi ya haura 40 ga esi a kunne ga cunkoson Kasuwar Kwari. Oga ya ce yana jira.

Jiya ya aiko yaronsa wai in ara masa sikanan, akwai wata Camry da ta gagare su.